Gano Sankara da Wuri ba Tare da Yanka ba: Nazarin Hujjojin Gwajin Jini, Bayan-gida, Fitsari da Hoto

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin gano cutar sankara tun kafin alamunta su bayyana, ta amfani da jini, bayan-gida, fitsari, numfashi ko hoto, ba tare da an yanka mutum ko an zura masa na'ura cikin jiki ba. An ɗora nazarin a kan sakamakon manyan gwaje-gwajen da aka wallafa zuwa shekarar 2024, aka auna kowace hanya da ma'auni huɗu. An gano cewa hanyoyin da suka tabbatar da rage mace-mace su ne waɗanda suka fuskanci sankara guda ɗaya a cikin rukunin mutanen da cutar ta fi addaba, musamman inda aka san sanadinta. Gwajin jini mai neman sankara iri-iri a lokaci ɗaya kuwa ya fi kama cutar bayan ta girma.

1.0 Gabatarwa

Ƙididdigar Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu sankara kimanin miliyan 20 a duniya, mutum miliyan 9.7 kuma suka rasu sakamakonta. Rabon Nijeriya a ƙididdigar ya kai sababbin majiyyata kusan 128,000 da mace-mace kusan 80,000, sankarar mama da ta furostet da ta bakin mahaifa ne kan gaba. Babban abin da ke raba wanda zai tashi da wanda cutar za ta tafi da shi shi ne matakin da aka riske ta. A Amurka, idan aka gano sankarar babban hanji tun ba ta fita daga bangon hanjin ba, kusan tara cikin goma na majiyyata suna kai shekara biyar a raye. Idan ta riga ta bazu zuwa hanta ko huhu, waɗanda ke kaiwa ba su cika biyu cikin goma ba.

Har yau, tabbatar da sankara yana buƙatar a ɗebo ɗan guntun nama daga ƙarin, masanin tsokar jiki ya duba shi a madubin likita. Wannan aiki ne da ake yi wa wanda aka riga aka zarga da cutar. Ba zai yiwu a tara dubban mutane masu tafiya da ƙafafunsu a ce za a huda hantarsu ko huhunsu don neman abin da yawancinsu ba su da shi ba. Daga nan buƙatar gwajin tantancewa mai sauƙi ta taso, wanda zai ware 'yan kaɗan ɗin da suka cancanci a zurfafa bincike a kansu.

Manufar maƙalar ita ce ta bambance hanyoyin da hujja ta tabbatar suna ceton rai daga waɗanda har yanzu alƙawari ne kawai, ta kuma bayyana dalilin bambancin.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Tunanin cewa ƙari yana barin sawunsa a cikin jini ya daɗe. A 1869 wani likita a Ostareliya, Thomas Ashworth, ya ga ƙwayoyin halitta masu kama da na ƙari a jinin wani mutum da sankara ta kashe. A 1948 Mandel da Métais a Faransa suka ba da rahoton cewa akwai ɓurɓushin sinadarin gado yana yawo a ruwan jini, a waje da ƙwayoyin halitta. Kusan shekara talatin ba a kula da wannan aiki ba, sai a 1977 da Leon da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓurɓushin DNA ya fi yawa a jinin masu sankara. A 1994 aka fara gano gurɓatar ƙwayar gado ta RAS, irin wadda ke cikin ƙari, a ruwan jinin majiyyata. Aikin Dennis Lo na 1997, wanda ya gano DNA ɗin ɗan tayi a jinin uwa, shi ya ƙarfafa fasahar karanta waɗannan ɓurɓushi, duk da cewa ba a kan sankara ya yi shi ba.

A ɗaya ɓangaren, an bi layin sinadaran furotin da ƙari ke zubarwa: AFP a sankarar hanta a farkon shekarun 1960, CEA da Gold da Freedman suka bayyana a 1965, CA-125 da Bast ya bayyana a 1981, sai PSA wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don tantance sankarar furostet a 1994.

Game da yadda za a hukunta irin waɗannan gwaje-gwaje, aikin da har yau ake komawa gare shi shi ne rahoton Wilson da Jungner da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 1968. Sun kafa sharuɗɗa goma, daga ciki akwai cewa cutar ta kasance tana da lokacin ɓuya da za a iya riskarta a ciki, akwai maganin da aka yarda da shi, akwai kuma wuraren tabbatar da cutar da yin maganin. Masana sun kasu gida biyu a kan wannan gado. Rukunin Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins yana ganin mafi yawan nasarar da za a samu a kan sankara nan gaba za ta fito ne daga ganowa da wuri. H. Gilbert Welch da masu ra'ayinsa suna ganin yawan bincikar masu lafiya yana mayar da mutane da dama majiyyata ba tare da an ƙara musu kwana ba. Mafi yawan rubuce-rubucen ɓangarorin biyu suna ɗaukar gwaji ɗaya ne su tattauna. Wannan maƙala ta jera gwaje-gwajen a kan ma'auni ɗaya.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na laburare ne. An zaɓi ayyukan da aka yi a kan mutane masu yawa, aka fifita gwajin rabon ƙuri'a, wato inda ake raba jama'a gida biyu bisa ƙuri'a, a yi wa gida ɗaya gwaji a bar ɗayan, sannan a bi su shekaru ana ƙirga waɗanda suka rasu. An shigar da ɗibar jini da allura da ɗibar ruwan farji da auduga cikin hanyoyi marasa yanka, an kuma ware leƙen hanji da na'ura mai kyamara da ɗibar nama a matsayin matakin tabbatarwa.

Ma'aunin farko shi ne ƙarfin kamawa: cikin masu cutar ɗari, nawa gwajin ya gano. Na biyu shi ne ƙarfin wankewa: cikin masu lafiya ɗari, nawa ya wanke. Na uku shi ne gaskatuwar zargi: cikin mutum ɗari da gwajin ya zarga, nawa ne ke ɗauke da cutar da gaske. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne rage mace-mace.

An yi la'akari da ruɗi biyu da kan sa gwaji ya yi kama da mai amfani. Ɗaya shi ne ruɗin tazara. A ɗauka mutum zai ga alamun cuta yana da shekara 60, ya rasu yana da 62. Idan gwaji ya gano cutar yana da 55 amma magani bai canza komai ba, zai rasu a 62 ɗin dai, alhali takarda za ta nuna ya rayu shekara bakwai da cutar maimakon biyu. Ɗayan shi ne ganowar wuce-kima, wato gano ƙarin da ba zai taɓa damun mai shi ba har wani ajalin ya ɗauke shi.

4.0 Nazari

4.1 Gwajin bayan-gida

Wannan ce hanyar da hujjarta ta fi daɗewa. Tsiron cikin hanji da ƙarin da ya fito daga gare shi sukan zubar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani. A gwajin Minnesota da wani Mandel daban ya wallafa a 1993, wanda ya ƙunshi mutum sama da 46,000, neman ɓoyayyen jini a bayan-gida kowace shekara ya rage mutuwar sankarar hanji da kashi 33 cikin ɗari a shekara 13. Gwaje-gwajen Nottingham a Ingila da Funen a Denmak na 1996, waɗanda aka yi duk bayan shekara biyu, sun samu ragin kashi 15 da kashi 18.

Gwajin da ake amfani da shi yanzu, FIT, yana gane jinin ɗan Adam kaɗai, don haka ba a hana mutum cin nama kafin ya yi shi. Ana ba shi 'yar kwalba tsawon yatsa, a jikin murfinta akwai siririn tsinke mai tsaga-tsaga a baki. Ya goga tsinken a bayan-gidansa har tsagun su cika, ya mayar cikin kwalbar mai ɗan ruwan magani, ya rufe, ya aika ɗakin gwaji. Ba ya buƙatar likita a wannan mataki.

An yi ƙoƙarin ƙara masa ƙarfi ta haɗa shi da neman DNA ɗin ƙari a bayan-gidan. Imperiale da abokansa (2014) sun gwada irin wannan haɗin, mai suna Cologuard, a kan mutum 9,989: ya kama kashi 92.3 na masu sankara, FIT kuma kashi 73.8, amma ƙarfin wankewarsa ya sauka zuwa kashi 86.6 idan aka kwatanta da 94.9 na FIT. A 2024 aka amince da gwajin jini na Shield a Amurka. Ya kama kashi 83 na sankarar hanji, amma kashi 13 kacal na manyan tsirran da ke kan hanyar zama sankara. Wannan adadi na biyu shi ne abin dubawa, domin babbar ribar tantance hanji ita ce a cire tsiro kafin ya rikiɗe. Gwajin da mutane suka fi yarda su yi, ke nan, shi ne mafi rauni wajen rigakafi.

4.2 Gwajin da ke bin sawun ƙwayar cuta

Inda aka san ƙwayar bairos ce ke haddasa sankara, ana iya neman bairos ɗin maimakon ƙarin. Harald zur Hausen na Jamus, wanda ya samu kyautar Nobel a 2008, shi ya danganta sankarar bakin mahaifa da ƙwayar HPV. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga gundumar Osmanabad a Indiya, inda Sankaranarayanan da abokansa (2009) suka bi mata 131,746 masu shekara 30 zuwa 59 a ƙauyuka. Gwajin HPV sau ɗaya tak ya rage mutuwar sankarar bakin mahaifa da kusan rabi a shekara takwas. A wannan aikin, duba bakin mahaifa da ruwan binega da kuma gwajin Pap ba su nuna ragi mai ma'ana ba, ko da yake wani gwaji a Mumbai da aka maimaita duban binega zagaye-zagaye ya samu ragin kashi 31. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gwajin HPV a gaba. Wani alherinsa shi ne mace tana iya ɗibar ruwan da kanta a keɓe, kuma bincike ya nuna cewa idan aka yi amfani da na'urar da ke ninka DNA, ɗibar kai ba ta gaza ta ma'aikaciyar lafiya sosai ba.

Misali na biyu daga Hong Kong ne, inda sankarar bayan hanci ta yi yawa a tsakanin mazan kudancin Sin, kuma tana da alaƙa da ƙwayar EBV. Chan da abokansa (2017) sun auna jinin maza 20,174 masu shekara 40 zuwa 62. Mutum 1,112 gwajin farko ya zarga. Da aka maimaita bayan kimanin wata ɗaya, 309 suka rage. Cikinsu 34 aka tabbatar da sankara. Kashi 71 na waɗannan suna mataki na ɗaya ko na biyu, alhali a al'ada kimanin kashi 20 ne ake riska a wannan hali. Aikin ba na rabon ƙuri'a ba ne, saboda haka bai kai ga ma'auni na huɗu ba. Amma ya nuna dalilin da ya sa gwajin ya yi kaifi a farkon cuta: kowace ƙwayar ƙarin tana ɗauke da kwafin bairos masu yawa, don haka ko ƙaramin ƙari yana zubar da abin da za a iya gani.

4.3 Gwajin jini mai neman sankara iri-iri

Nan ne kuɗi da hankalin kamfanoni suka fi karkata. Ƙwayoyin halitta idan sun mutu suna sakin DNA ɗinsu cikin jini a gutsattsare, kowane guntu kimanin harufa 166, kuma jiki yana share su cikin mintuna zuwa sa'o'i kaɗan. Mafi yawan guntayen daga ƙwayoyin jini masu lafiya suke. Aikin gwajin shi ne ya tsinto 'yan kaɗan ɗin da suka fito daga ƙari, ko dai ta gurɓatar harufansu, ko ta alamomin metil da ke manne a jikinsu, waɗanda tsarinsu ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa, har ana iya hasashen inda ƙarin yake.

Iyakar wannan fasaha ta lissafi ce kafin ta zama ta na'ura. Kwalbar jini mai mililita goma tana ba da ruwan jini mililita huɗu zuwa biyar, kuma a jikin mai lafiya wannan ba ya wuce kwafin kundin gado dubu kaɗan zuwa dubu goma da wani abu. Idan rabon ƙari a ciki ɗaya ne cikin dubu goma, kamar yadda kan faru da ƙaramin ƙari, to guntun da ke ɗauke da wata gurɓata takamaimai yana iya zama ɗaya a kwalbar, yana iya zama babu. Kamar wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga buhun gero yana neman ƙwayar dawa ne: rashin ganinta a tafinsa bai nuna babu ita a buhun ba. Ga kuma wata matsalar: da shekaru suka ja, ƙwayoyin ɓargo masu ƙera jini kan tara gurɓata irin ta sankara ba tare da mutum yana da sankara ba, kuma guntayensu suna shiga jinin su rikita sakamako.

Alƙaluman sun bi wannan lissafi. CancerSEEK, wanda Cohen da abokansa (2018) suka gwada a kan majiyyata 1,005 masu sankara iri takwas, ya kama kimanin kashi 70 gaba ɗaya, amma kimanin kashi 43 a mataki na ɗaya. Da aka kai shi ga mata kusan 10,000 da ba a san su da cutar ba (Lennon da abokanta, 2020), sankara 96 ta bayyana a tsawon nazarin. Gwajin jinin ya fara gano 26, tantancewar da aka saba ta gano 24, sauran 46 kuwa alamu ko wata hanya ce ta tona su. Galleri, na kamfanin GRAIL, ya nuna ƙarfin wankewa na kashi 99.5 da ƙarfin kamawa na kashi 51.5 (Klein da abokansa, 2021). Idan aka warware adadin bisa mataki, sai a ga kashi 16.8 a mataki na ɗaya, 40.4 a na biyu, 77.0 a na uku, 90.1 a na huɗu. Gwajin da aka ƙera don ganowa da wuri yana kuskure biyar cikin shida na sankarar da ke matakin farko.

Ƙarfin wankewa na kashi 99.5 ma yana buƙatar a karanta shi da lura. A ƙaddara mutum 100,000 aka gwada, 1,000 daga ciki suna da ɓoyayyiyar sankara. Gwajin zai kama kimanin 500, ya kuma zargi kusan 500 daga masu lafiya 99,000. Rabin waɗanda aka tayar wa hankali ke nan ba su da komai. A aikin PATHFINDER da aka yi da gwajin GRAIL (Schrag da abokanta, 2023), cikin mutum 6,621 an zargi 92, aka tabbatar da cutar a 35. Sauran 57 sun shafe, a tsakaice, kwana 162 ana yi musu hoto da gwaje-gwaje, wasu har da ɗibar nama, kafin a wanke su. A 2024 ana sayar da Galleri a Amurka a kan dala 949.

Ba a nufin fasahar ba ta da makoma. Hujjar masu goyon bayanta tana da nauyi: sankarar gaɓar ciki mai samar da insulin, da ta ƙwan mace, da ta maƙogwaro ba su da wani gwajin tantancewa da aka yarda da shi ga jama'a, don haka ko kama kaɗan ya fi babu. A 2021 hukumar lafiya ta Ingila ta fara gwajin rabon ƙuri'a na Galleri a kan mutum sama da 140,000 masu shekara 50 zuwa 77. Sai dai an tsara shi ne ya auna raguwar sankarar mataki na uku da na huɗu, ba raguwar mace-mace ba, kuma sashe na gaba zai nuna cewa abubuwan biyu ba koyaushe suke tafiya tare ba.

4.4 Hoto, fitsari da darasin ganowar wuce-kima

Gwajin UKCTOCS a Birtaniya ya bi mata sama da 200,000 na tsawon kimanin shekara 16, wasu ana auna musu CA-125, wasu ana yi musu sikanin, sauran kuma ba a yi musu gwajin ba. A rukunin CA-125 an samu raguwar sankarar ƙwan mace da ake riska a mataki na uku da na huɗu da kimanin kashi 10, amma yawan waɗanda suka rasu bai ragu ba (Menon da abokanta, 2021).

A Koriya ta Kudu, asibitoci sun riƙa ƙara sikanin wuya a kan gwajin lafiya na yau da kullum a farashi mai rahusa. Zuwa 2011, yawan sankarar tayirod da ake ganowa ya ninka na 1993 sau 15, mace-macen cutar kuwa suna nan yadda suke (Ahn, Kim da Welch, 2014). Dubban mutane aka cire wa tayirod, suka koma shan ƙwayar maye gurbinta har ƙarshen rayuwa, wasu kuma tiyatar ta taɓa musu jijiyar murya. Japan ta ga irin wannan da gwajin fitsarin jarirai 'yan wata shida don neman ƙarin jijiya na yara, wanda aka fara a faɗin ƙasar a 1985. An gano ƙari da yawa, amma da dama irin waɗanda ke bajewa da kansu ne. Bayan nazarin Kebek ta Kanada da na Jamus sun nuna a 2002 cewa gwajin ba ya rage mutuwa, aka dakatar da shi a 2004. Babu gwajin da ya fi na fitsari sauƙi; illar ta zo ne daga tiyata da maganin da suka biyo bayansa.

Inda hoto ya yi nasara, an taƙaita shi ga masu haɗari. Gwajin NLST na Amurka (2011) ya ɗauki mutum 53,454 masu shekara 55 zuwa 74 da suka daɗe suna shan taba sosai, hoton CT mai ƙarancin tururi ya rage mutuwar sankarar huhu da kashi 20. Ko a nan, sama da kashi 96 na hotunan da suka nuna abin zargi ba sankara ba ne. Yawan cutar a wannan rukuni ne ya sa ribar ta rinjayi asarar.

4.5 Numfashi da wari

Ƙari yana sauya sinadaran da ke fita a numfashi da fitsari. A wani aiki na 2004 a Ingila, karnukan da aka horar sun zaɓi fitsarin mai sankarar mafitsara daidai a kashi 41 na gwaji, inda sa'a kaɗai za ta ba da kashi 14. Ana ƙera na'urorin da za su yi wannan aiki, amma abinci da taba da magunguna suna sauya numfashi, kuma babu ɗayansu da ya kai matakin gwajin rage mace-mace.

5.0 Dacewar Hanyoyin da Yanayin Afirka ta Yamma

Gaskatuwar zargi tana sauyawa daga al'umma zuwa al'umma, saboda haka alƙaluman Turai ba sa ƙaura yadda suke. Alatise da abokansa (2022) sun gwada FIT a kan mutum sama da 2,000 a Nijeriya. Wajen ɗaya cikin biyar gwajin ya zarga, adadin da ya zarce abin da aka saba gani a Turai nesa ba kusa ba. Kimanin kashi biyu cikin uku na waɗannan suka je aka leƙa hanjinsu, aka samu sankara a mutum uku. Basir da cututtukan ciki ma suna zubar da jini, kuma na'urorin leƙen hanji da masu sarrafa su kaɗan ne. Ga kuma zafi, wanda ke lalata jinin da ke cikin kwalbar kafin ta isa ɗakin gwaji. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Haka nan, neman jini a fitsari ba zai ware mai sankarar mafitsara ba a yankunan da tsargiya ta zama ruwan dare, duk da cewa tsargiyar ita kanta tana cikin sanadin wannan sankara.

Gwajin HPV ne ya fi cika sharuɗɗan Wilson da Jungner a yankin. Cutar tana da yawa, lokacin ɓuyarta ya kan wuce shekara goma, kuma ana iya ƙone tabon farko a bakin mahaifa da ƙaramar na'urar zafi mai aiki da batir a ƙaramin asibiti. Na'urar GeneXpert da aka riga aka rarraba don gwajin tarin fuka tana iya auna HPV cikin kimanin sa'a ɗaya, wanda ke ba da damar a gwada mace a yi mata magani a wuni guda. Ɗibar kai kuma tana sauƙaƙa wa matan da kunya ko rashin ma'aikaciya mace ke hana su zuwa. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 yana son a gwada kashi 70 na mata a shekara 35, a sake a 45. Rigakafin da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 ba zai kare iyayensu da suka riga suka haɗu da ƙwayar ba. Su gwaji ne abin da ya rage musu.

Sankarar hanta ce fagen da ya fi buƙatar bincike na gida. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ga kuma gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kafin ajiya. Haɗuwar biyun tana ninka haɗari. A Shanghai, Zhang da abokansa (2004) sun yi wa masu wannan ciwo sikanin da awon AFP duk wata shida, cikin mutum 18,816, suka ba da rahoton ragin mutuwa na kashi 37, ko da yake an soki tsarin lissafinsu. Aflatoksin tana barin tambari na musamman a gurbi na 249 na ƙwayar gado ta TP53, kuma tun 2000 Kirk da abokansa suka gano shi a ruwan jinin kimanin kashi 36 na masu sankarar hanta a Gambiya. Ke nan akwai sankara guda, sanannen sanadi, rukunin haɗari da gwajin jini mai arha zai iya warewa, da alamar gado da ake iya nema.

Kafin a tsara irin wannan nazari a yankin, dole a warware yadda za a ƙirga sakamakonsa. Rajistar sankara ta Ibadan tana aiki tun 1960, amma rajista tana ganin wanda ya isa asibiti ne kawai. A garuruwa da ƙauyukan Arewa, mafi yawan mutane a gida suke cikawa, a yi musu sutura a ranar, ba tare da takardar da ta faɗi sanadi ba. Nazarin da ke son auna rage mace-mace zai buƙaci ma'aikatan da za su riƙa bin gidajen mahalarta, su tambayi iyalan mamaci yadda jinyar ta kasance bisa tsararrun tambayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada don haka, kuma a sa kuɗin wannan aiki a kasafin tun daga farko, tare da kuɗin tiyata ko ƙona ƙarin ga duk wanda gwajin ya gano.